Kiɗan Bitrus a Dutsen Nakkasa

Ban san ina da kitse ba sai ranar da na sauka a Jidda. Kafin in taka daga ƙofar filin jirgi zuwa bakin motar Makka, man da ya tsiyaya daga jikina zai soya wa unguwa guda ƙosai har a rage na gobe. Ni mutumin Jos ne, inda ake neman bargo a watan da mutanen Kano ke kwana a tsakar gida. Ga azumi a baki, ga harami ya manne min a gadon baya ya ƙi saki.

Takardar hannuna ta Umara ce, amma abin da ke raina daban. Niyyata in yi Umara, in laɓe a gari har watan Hajji, in tsaya a Arfa cikin bayin Allah, bayan nan duk mai kamu ya zo ya kama. Kujerar Hajji ta fi ƙarfin mai gyaran rediyo, gwiwoyina kuma sun fara ba ni shawara. Na san in wannan karon ya wuce ni, ba ni da wani. Shekarun nan ne na dubu biyu da goma sha, lokacin da ake ta rushe tsofaffin unguwannin Makka ana dasa otal-otal, duk inda ka ɗaga kai ƙarfe ne ke lilo a sama.

Zangon farko Jarwal, wata unguwa a Makka. Wakilin da ya kawo mu ya rantse min tun a gida cewa ɗakina yana da taga mai kallon Harami. Taga kam akwai. In ka buɗe ta, bangon maƙwabci za ka gaisar, kusa har kana iya jingina da shi. Mu kuwa a ɗakin, in mutum ɗaya zai juya sai an yi shawara, a ce “kowa dama!” a juya tare. Shi ne kuma ya yi alkawarin haɗa ni da wanda zai ɓoye ni ya ba ni aiki bayan salla. Ya karɓi fasfona wai don ajiya, ya karɓi na goro mai nauyi. Ranar salla muka yi masa barka, washegari lambarsa ta daina shiga. Har yau ina yi masa addu'a, sai dai ba zan faɗi irinta ba.

Abu ɗaya ne bai cuce ni a kai ba, don ba nasa ba ne. Ranar da na fara ganin Ɗakin Allah, ni da ba na rufe baki ko a gidan makoki, na nemi magana na rasa. Wannan ganin shi ya ƙara ɗaure ni. Da abokan tafiyata suka hau motar komawa Jidda, sai na rataya jakata na bi ta ƙofar baya.

Zango na biyu Kudai, inda motocin alhazai ke tsayawa. Can na yi dako. Na ɗauki akwatin Baturkiya da na rantse mijinta ne a ciki. Na tura tsofaffi a keken marasa lafiya har ni ma na fara sha'awar kujerar. A Kudai na yi karatun Larabcina kaf, kalma uku: yalla, halas, da iƙama. Yalla mu je, halas an gama, iƙama kuwa ita ce takardar zama. Wanda ba shi da ita, ko inuwarsa bai yarda da ita ba. In aka ce “jawazat!”, wato ga masu kamen marasa takarda, sai ka ga gurgu ya warke. Da wannan tumbin nawa na taɓa tsere wa wani dogon Bahabashe, kuma da takalmi ɗaya.

Wani Bayamane mai shagon tsofaffin kayan wuta ya lura ina leƙen rediyoyinsa kamar mai leƙen tukunya. Ya miƙo min wata matacciya, na tayar da ita. Daga ranar ya ba ni kusurwa a bayan shago, da shayi, da rabin gurasarsa kullum. Ba mu taɓa fahimtar maganar juna ba, kuma ban taɓa samun abokin hira mai sauƙin kai kamarsa ba.

A shagon nan wani mutum ya shigo da fiyano a kafaɗa, ya sa farar jallabiya, turare na gaba yana biye. Ya dube ni ya ce, “Kai Bahaushe ne? Ɗayyib. Wannan org ɗin harban ne, ya mutu. Fi gyara ko mafi?” Wato akwai gyara ko babu.

Sunansa Sabo, mutumin Kano, amma ya daɗe a Makka har ya koma Abu Nawwaf. Mawaƙin biki ne a cikin Hausawan gari. Na buɗe fiyanon na tarar da waya ɗaya ce ta saki, sai mushen kyankyasai da za su cika mudu. Na haɗa, na kunna, na ɗora yatsu don gwaji. To, hali zanen dutse. Yatsun nan ba su yi shawara da ni ba, sai ga su sun tafi Jos.

Abu Nawwaf ya sauke wayarsa daga kunne. “Esh hada? Sake buga min.”

Na sake.

“A ina ka koya?”

“A Jos, wurin wani malami.”

Ban yi ƙarya ba. Malamin dai sunansa Bitrus.

Bitrus maƙwabcinmu ne, katanga ɗaya ta raba gidajenmu. Babansa mai wa'azi ne a wata ƙaramar coci, babana shi ke buɗe masallacin layinmu da asuba. Tun muna samari Bitrus ya haɗa ƙungiyar kiɗa ta matasan cocinsu. Ni na shiga ta ƙofar gyara: in amfilifaya ta yi hayaƙi a kira Ɗanlami, in lasifika ta shaƙe a kira Ɗanlami. Daga riƙe waya na koma taɓa fiyano, daga taɓawa na koma bugawa a wurin gwaji da bukukuwan aure da taron waƙa na fili. Ranar Lahadi ba na shiga, ba su kuma taɓa cewa in shiga ba. In la'asar ta yi, Bitrus ne da kansa ke ɗaga hannu ya ce, “A dakata, liman zai yi salla.”

A gabana kiɗan nan ya yi ta sake riga. Da farko jitar katako ce da tulu da kacau-kacau, kiɗa mai rangaji, mata na amshi. Sai wata Baturiyar mishan za ta koma gida ta bar wa Bitrus kwalin kaset-kaset na mawaƙan cocin ƙasarsu. Shi ke nan, Bitrus ya fara waƙa ta hanci kamar makiyayin da saniyarsa ta ɓata a daji. Ba a gama da wannan ba rege ya shigo gari. Bitrus ya daina taje kai, kiɗa ya koma tafiyar raƙumi, ɗingishi a kan kari. Dattawan coci suka taru suka ce wannan kiɗan 'yan wiwi ne, ba za a kira sunan Ubangiji a kansa ba. Suna cikin faɗa sai ga jita mai lantarki da kiɗan da ake ce wa rok. Wayyo! Kamar an taka wutsiyar akuya a cikin tankin ruwa. Mai ganga yana dukan fata kamar ta zagi uwarsa, Bitrus yana ihu yana girgiza kai, ni ina bayansu ina lissafin lasifikar da za ta fashe. Dattawan nan dai suka dawo suka ce a ji tsoron Allah a koma wa rege, kiɗan natsuwa da suka gada.

Bayan nan kiɗan Kwango da muke ce wa makosa ya zo ya kwance wa kowa ƙugu, har da masu ɗaukar baiko a coci. Sannan aka yi zamanin waƙar sanyi: fiyano kaɗai, ido a rufe, hannu a sama, layi biyu a yi ta maimaitawa har shinkafar da aka bari a gida ta ƙone. Daga ƙarshe yara suka taso da wando a gwiwa suna zuba magana da sauri kamar masu gwanjo, suna sa kwamfuta ta mayar da murya kamar ƙudan zuma a kwalba. Ranar da na ji Bitrus ya ce, “Wannan ai ba waƙar ibada ba ce,” na faɗi ƙasa don dariya. Na ce masa, “Barka da shiga layin dattawa.” Sunan da suke kira a waƙoƙin bai taɓa canjawa ba, ɗinkin rigar ne kawai ke bin yayi. Ni kuwa duk rigunan sun zauna a yatsuna.

Sai rikici ya zo ya tsaga Jos gida biyu. Su Bitrus suka tashi daga layinmu suka koma ɓangarensu. Ba wanda ya kore ni da baki. An dai daina aiko min da ranar gwaji, ni ma na daina tambaya. In za mu haɗu sai a teburin wani mai shayi a bakin kasuwa, inda ba unguwar kowa ba. A can na gaya masa zan tafi Makka, ya ce, “Ka dawo min da haƙorin zinariya, in ga yadda zai zauna a wannan bakin naka mai surutu.”

Duk wannan na gaya wa Abu Nawwaf a taƙaice, a bayan shagon Bayamane, don kada gobe a ce na ɓoye. Na ce, “Alhaji, gaskiya ɗaya ce. Kiɗan nan na coci ne.”

Ya yi dariya har ya riƙe ciki. “Ya sheikh! Kiɗa yana salla ne? Kiɗa yana da iƙama? Mafi mushkila. Kai kawo kari, ni in sa masa kalmomi. Zan ba ka ɗaki a Nakkasa, ba mai taɓa ka. In Hajji ya zo ni da kaina zan shigar da kai Arfa, na san hanyar da ba shinge. Halas?”

Da na ji Arfa sai na ce halas.

Zango na uku Nakkasa. Unguwa ce da aka liƙa a jikin dutse, gida a kan gida, lungu kamar hanjin akuya. Kafin ka hau zuwa ɗakinmu ka tuba daga zunubanka duka, ka fara tuban na maƙwabta. Amma a can na ji Hausa ta ko'ina: ta Kano, ta Sakkwato, ta Damagaram, da ta yaran da aka haifa a can, wadda Larabci ya cinye ya bar ƙashi. Abokin ɗakina Malam Nuhu ne, wani tsohon tela mutumin Damagaram, wanda tare muke sauka masallaci kowace salla, shi yana jan carbi ni ina jan numfashi.

A tsakiyar hawan akwai wata dattijuwa mai tuyar waina, Hajja Kande. A wurinta nake hutawa, wai ciniki nake. Ranar farko da ta ce min “sannu da zuwa” na ji wani gishiri a Hausarta da na sani.

Na ce, “Hajja, wannan harshen ai na kan tudu ne. Ba 'yar Filato ba ce ke?”

Ta juya waina ba ta dube ni ba. “Ni 'yar Makka ce. Miya ko sukari?”

Na ce miya. Amma daga ranar kullum sai na tarar da waina ɗaya ta ƙaru a kan abin da na saya.

Watan Shawwal watan aure ne a can, duk wanda azumi ya riƙe sai ya saki. Ana kama gidan biki a bayan gari, istiraha suke ce masa, mata a babban zaure, maza a tsakar gida. Mu makaɗa ba ma ganin mata, su ma ba sa ganinmu. Ana ajiye mu a wani ɗan ɗaki kamar kaji, a ja waya ta ƙarƙashin ƙofa zuwa lasifikokin ɓangare biyu. Makirufo ɗaya a hannun Abu Nawwaf, ɗaya kuma a miƙa wa mata can ciki, don guɗa da kiran sunan masu liƙi. Ni sai dai in auna daɗin kiɗa da rawar da ƙasa ke yi a tafin ƙafata.

Kuma ƙasa ta yi rawa. Na ɗauko karin jitar katako, Abu Nawwaf ya ɗora masa kirarin uwar amarya. Na ɗauko makosa, aka ce wata Hajiya ta yi juyi har ta nemi man zafi. Waƙar sanyin nan ta ido a rufe ita muka mayar ta rakiyar amarya, mata suna kuka har da majina. Yaran da aka haifa a Makka kuwa sai na zuba musu na masu wando a gwiwa, su yi ta tsalle suna cewa “ya salam!” Rok ne kaɗai bai karɓu ba. Sau ɗaya na gwada, wani tsoho ya leƙo ya tambaya ko injin wuta ne ya lalace.

Kafin wata ya ƙare Abu Nawwaf ya zama sarki. Aka ce Allah ya buɗe masa ƙirji, waƙa na sauko masa kamar ruwan sama. Shi ma ya fara yarda. Duk karin da na buga sai ya sa in adana masa a cikin fiyanon, wai don gwaji. In na yi maganar haƙƙina sai ya dafa ni ya ce, “Arfa, ya Ɗanlami. Wa zai biya ka abin da ya fi Arfa?” Sai in koma kan fiyano. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Da Zulƙida ya kama, kame ya tsananta, don ana share gari kafin alhazai su cika shi. Muka samu bikin 'yar wani mai faɗa a ji a unguwa, aka ce a yi shi da la'asar a watse da wuri. Ranar na ce bari in fito da abin da na ɓoye. Akwai wani rege da Bitrus ya yi lokacin da mahaifiyarsa ke jinya. Ya shiga kaset, ya zaga ƙauyukan Filato, har matan zumuntar coci suka ɗauke shi suna yi da tulu. Duk waƙoƙinsa ba wadda ta kai ta shiga jiki. Abu Nawwaf ya ɗora mata nasa: amarya taka a hankali, gidan alheri za ki.

Na fara. Ƙasa ta amsa. Can ciki aka miƙa wa mai guɗa makirufo, ta rangaɗa guɗa mai tsawo har lasifika ta yi ƙara. Na gane muryar, Hajja Kande ce, ita ake ɗauka guɗa a manyan bukukuwa. Guɗa ta ƙare, Abu Nawwaf ya tsaya shan ruwa, ni ina ta jan karin shi kaɗai. Sai na ji wata murya siririya tana bin kiɗan, a hankali, irin ta wanda ke wanke-wanke shi kaɗai a gida. Ashe Hajja Kande ta manta makirufon yana hannunta.

“Ya riƙe hannuna a bakin rami, Yesu bai sake ni ba.”

Daidai kan kari, ba ta kuskure ko gaɓa ɗaya ba. Ta maimaita. Ta lasifikar mata, ta lasifikar maza, a garin Makka, ana saura 'yan makonni a hau Arfa.

Abin da ya fi ba ni haushi da kaina, yatsuna ba su tsaya ba. Shekara da shekaru in an kai wannan layin ni ke amsa wa Bitrus da fiyano, sai kawai na amsa mata. Ƙasa ce ta fara yin shiru. Sannan Abu Nawwaf ya fizge wayar wuta daga bango.

Kafin in miƙe an cika ƙofar ɗakin. Uban amarya a gaba, hularsa a karkace. “Wace waƙa ce wannan? A bikin 'yata? A wannan gari?”

Can ciki ina jin mata sun yi wa Hajja Kande ca, tana cewa, “A maƙwabta na ji tun ina yarinya, wallahi bakina ne ya kuɓuce.”

Na dubi Abu Nawwaf, don shi ne mai baki a nan. Ya ɗaga hannu biyu sama. “Wallahil azim ban sani ba! Ni na ɗauko shi a Kudai don tausayi. Ya ce min karin gargajiya ne na garinsu. Ashe kiɗan coci yake ɗura mana! Ku tambaye shi ma, ya jama'a, wa ya san ko Musulmin ne? Mutumin Jos fa!”

Wanda bai zauna a Makka ba ba zai san nauyin wannan magana ba. Garin da wanda ba Musulmi ba ko shiga ba ya yi. Na ce, “Alhaji Sabo, ka ji tsoron Allah. Ba kai ka ce min kiɗa ba ya salla ba?”

“Kazzab! Ni na faɗi haka?”

Wani saurayi da bai kai ɗan cikina ba ya matso ya ce, “In kai Musulmi ne karanta Fatiha.”

Na so in yi wasa, don da wasa na saba fita daga kowane rami. Na ce, “Da ƙira'ar Warshu ko ta Hafsu?” Ba wanda ya yi dariya. Sai na karanta. Ni Ɗanlami, ɗan mai buɗe masallaci, da furfura a gemu, na tsaya a gaban yara ina karanta Fatiha kamar ɗan da aka kai makaranta jiya. Suka ce tahiya. Na yi. Suka ce raka'a nawa ce magariba. A nan na sunkuyar da kai, ba don ban sani ba.

Malam Nuhu ne ya ratso ya ce, “Haba jama'a. Mutumin nan kafaɗarsa a jikin tawa take kowace salla. Ku bar shi.” Suka bar ni. Amma da na hau dutse da yamma na tarar da jakata a bakin ƙofa. Ɗakin na Abu Nawwaf ne. Malam Nuhu yana ciki, ina jin kekensa na ɗinki, ya yi magana ta bayan ƙofa: “Ka yafe min, Ɗanlami. Ni ma ba ni da iƙama.”

Ba wanda ya kai ni ƙara. Ba sa buƙata. A Nakkasa in an rufe maka ƙofofi, an gama da kai. Na ƙwanƙwasa gidajen da na yi wa kiɗa, waɗanda 'ya'yansu suka shiga ɗakin miji da karin Bitrus, kowa ya ce ba wuri. Na koma Kudai, Bayamane ya nuna min da hannu cewa ana duba shaguna yanzu, ya cusa min gurasa a jaka yana ta ba ni haƙuri da Larabci. Na koma kwana a bayan motocin da aka ajiye.

A can Hajja Kande ta same ni wata safiya. Yadda ta yi ta gano ni ban sani ba. Ta ajiye ƙullin waina da miya a gefena, ta tsaya tana kallon wani wuri daban.

Na ce, “Hajja, kin ga aikinki?”

Ta ce, “Na gani.” Ta gyara mayafi. “Uwata ce ke yin ta, tana buga tulu a zumunta. Ni na musulunta na auri Alhaji, ya kawo ni nan, ya rasu ya bar ni. Da uwata ta mutu ban je ba, ba takardar fita. Na yi zaton na manta muryarta. Sai kai ka zo da yatsunka.”

“An daina sayen wainarki?”

“Sun daina kwana biyu, yunwa ta dawo da su. Ni ina da abin da suke so.” Ta juyo ta dube ni. “Mai waƙar yana raye?”

“Yana raye.”

“In ka koma ka gaishe shi.” Ta juya ta tafi, ba ta ce daga wa ba.

Ba a yi mako ba aka yi mana ƙawanya a tashar. Na zuba da gudu irin na da, amma gwiwoyin da suka daɗe suna ba ni shawara ranar suka yanke hukunci. Na kifa a kan kwalta, haƙorina na gaba ya yi nasa wuri. Jami'in da ya ɗaga ni har ruwa ya ba ni in kuskure baki. Aikinsa yake yi, ba ni da abin cewa a kansa.

Zango na ƙarshe gidan tarhil, inda ake tara waɗanda za a mayar ƙasashensu. Aka ɗauki hotona da zanen yatsuna goma, yatsun nan dai da suka ja min, aka ce ba ni ba ƙasar sai bayan shekaru. Na yi lissafin shekarun da gwiwoyina, lissafi bai fita ba. Ranar da aka kai mu filin jirgi, jiragen alhazai ne ke sauka ɗaya bayan ɗaya. Ta gilashi muna ganinsu cikin farin harami, suna Labbaika, wasu da tutar ƙasarmu a jaka. Su suna shiga, mu ana fitar da mu ta ƙofar gefe. A jirgi wani ya ce in ba da labari mu yi dariya, an ce ni gwani ne. Na ce masa haƙorina na ciwo.

A Jos mutanen layinmu suka fara ce min Alhaji, rabi girmamawa rabi tsokana. Na bari sai da aka kwana biyu da babbar salla sannan na aika wa Bitrus. Muka haɗu a teburin mai shayin nan. Ashe bayan tafiyata hawan jini ya taɓa shi, hannun da yake matsa wayoyin jita ya kwanta a cinya kamar ba nasa ba.

Ya ce, “Liman! Buɗe baki in ga zinariya.”

Na buɗe. Ya leƙa giɓin ya yi ta dariya har shayi ya sarƙe shi. Na ce, “Haƙorin Makka ke nan. Kowa yana karɓowa, ni na kai musu.”

Na ba shi labari tun daga Jarwal. Na isar da gaisuwar mai waina. Ya daina dariya, ya daɗe yana juya cokali a kofi. Sannan na ciro waya, don Malam Nuhu ya turo min wani bidiyo da safen nan ba tare da ya rubuta komai ba. Biki ne a istiraha, ɓangaren maza. Ga Abu Nawwaf da sabuwar jallabiya, ya danna abin da na adana masa a fiyano, yana ta rera amarya taka a hankali. Regen nan ne dai. Uban amaryar da ya tambaye ni wace waƙa ce, ga shi can a gefe yana gyaɗa kai.

Bitrus ya kara wayar a kunne ya saurara har ƙarshe. Yatsun hannunsa mai lafiya suna motsi a kan tebur.

Ya ce, “Ya cika sauri. Ka gaya masa rege ba a korar sa.”

Na ce ba ni da lambarsa.

Muka shanye shayi, shi ya nufi ɓangarensu, ni na nufi namu. Ni da na karanta Fatiha da tahiya a gaban shaidu, ga ni a Jos ina gyaran rediyo da giɓi a baki, in watan Hajji ya zo in kalli Arfa a talabijin ɗin da aka kawo min gyara. Kiɗan Bitrus kuwa yana can a kan dutse, daga wannan biki zuwa wancan. Har yau ba wanda ya tare shi a hanya ya ce ya nuna iƙama.